Daga Ambursa zuwa Kainji: Tarihin Nisa da Lokacin Tafiya a Ƙasar Yawuri

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, abin da ya jawo rubuta wannan maƙala wata tambaya ce da wani malamin makarantar firamare ya kawo mini a Yelwa. Ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, muka gaisa, sai ya ce, "Baba, yau wani yaro ɗan aji shida ya ɗaure ni. Ya ce jiragen saman nan da muke jin ƙugin su ta wajen tafki, daga ina suke tashi, kuma in ɗaya ya tashi daga can ya nufi Birnin Kebbi, minti nawa zai yi a hanya?" Na ce masa, "Malam, ka ba ni kwana biyu." Kwana biyun nan sai da suka zama watanni, domin da na shimfiɗa taswira na fitar da amsar yaron, sai na ga lissafin ya taɓo wani ɓangare na tarihinmu wanda ba a cika kula da shi ba, wato tarihin yadda lokacin tafiya ya riƙa sauyawa a wannan ƙasa tamu.

Ƙasar da ake magana a kanta ita ce Masarautar Yawuri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, Yawuri da Ngaski da Shanga, a kudancin Jihar Kebbi. Allah Ya ajiye ta a tsakanin filayen jirgin sama guda biyu, ɗaya a arewa, ɗaya a kudu. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a cikin shekaru ɗari biyu da suka wuce, tafiyar da ta miƙe daga arewa zuwa kudu ta yi ta gajarcewa, daga makonni ta koma awoyi, har ta koma mintoci ga wanda yake sama, alhali tafiyar ƙetaren ruwa daga gabas zuwa yamma, wadda ita ce ta talakan wannan yanki, ƙara tsawo da hatsari ta yi.

2.0 Filayen biyu da yadda ake auna tsakaninsu

Filin arewa shi ne Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi a kan hanyar Argungu. An mayar da shi babban fili mai iya karɓar manyan jirage a zamanin Gwamna Sa'idu Usman Nasamu Dakingari, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015. Daga wannan fili ne jirgin farko na alhazan Nijeriya na shekarar 2024 ya tashi, ranar 15 ga Mayu, inda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya halarta. Filin kudu kuwa shi ne na Kainji, kusa da garin Sabuwar Busa a ƙasar Borgu, cikin Jihar Neja. Wannan fili na Rundunar Sojan Sama ne, ba a ɗaukar fasinja a cikinsa. Saboda haka tun farko ya kamata mai karatu ya sani cewa babu jirgin haya da ke kai da komo tsakanin filayen biyu, kuma lissafin da za mu yi na taswira ne.

Ga yadda malami zai fitar da nisan a kan allo ba tare da wata na'ura ba. Masu zana taswira sun raba duniya da layuka na kwance, suna ƙirga su da digiri tun daga layin da ya raba duniya biyu har zuwa ƙarshen arewa. Kowane digiri ɗaya kimanin kilomita 111 ne, kuma an kasa kowane digiri kashi 60, ana kiran kowane kashi minti. Filin Ambursa yana kusa da digiri 12 da minti 29 arewa, na Kainji kuma yana kusa da digiri 9 da minti 54. In aka debe ƙarami daga babba, saura digiri 2 da minti 35, wato minti 155. Wani abin da ya sauƙaƙa lissafin shi ne filayen biyu kusan saitin juna suke, ɗaya a arewacin ɗaya, karkatar da ke tsakaninsu ta gabas da yamma ba ta taka kara ta karya ba. Matuƙan jirgin sama da na ruwa suna da nasu mil, wanda tsawonsa kilomita 1.852 ne, kuma daidai yake da minti ɗaya na waɗannan layuka. Ke nan nisan ya kama mil 155 na matuƙa, ko kuma kimanin kilomita 290.

Da an san nisa, sai a raba shi da gudun jirgi a sami lokaci. Ƙaramin jirgi mai farfela wanda ke cin kilomita 290 a awa zai yi awa ɗaya. Babban jirgin fasinja mai gudun kilomita 800 a awa, a takarda minti 22 ne, amma da yake sai ya hau a hankali, ya kuma sauko a hankali ya daidaita da titin sauka, lokacin zai kai kamar minti 40. Iska ma tana da nata rabo, ko ta tura jirgi ko ta tare shi, sa'annan hazon hunturu yakan hana tashi ɗungurungum.

In aka ɗora zare a kan taswira daga Ambursa zuwa Kainji, za a ga ya ratsa ƙasar Koko da Besse, ya ƙetare Kogin Kwara, wato Neja, ya wuce yamma da Yelwa da kimanin kilomita 30, sa'annan ya bi ta gaɓar yamma ta tafki. Daga Yelwa zuwa Ambursa a miƙe kusan kilomita 190 ne, daga Yelwa zuwa Kainji kuma kusan 110. Wannan ita ce amsar yaron. To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sai mu koma baya mu ga yadda mutanen ƙasa suka riƙa cin wannan nisa.

3.0 Zamanin zango da kwalekwale

Kakanninmu da lokaci suke auna nisa. In ka tambayi tsoho inda gari kaza yake, sai ya ce maka tafiyar hantsi ce, ko yini guda, ko kwana uku. Fatake kuwa da zango suke ƙirga. Ayari yakan ɗaura kaya tun da asuba, ya sauka kafin rana ta take, a sauke wa jakuna da takarkarai kaya, a nemo ruwa da itace. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki kuma yana cikin manyan masu taimaka wa madugu. In muka ƙaddara cewa ayari yana cin kilomita 20 a yini, to nisan nan na kilomita 290 zai ci kwana 14 ko 15, ban da kwanakin hutu, da na jiran fito, da na sasantawa da masu gari a kan kuɗin wucewa.

Yawuri tana kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin Gwanja. Fatake sukan taso daga Kano da sauran biranen Hausa da kanwa da tufafi da kayan fata, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, a arewacin ƙasar Gana ta yau, su sayo goro su komo. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida har zuwa shekara. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato a shekarun 1980, ya yi nazarin Yawuri ta ƙarni na 19, kuma a littafinsa na 1978 ya bayyana rawar da irin waɗannan fatake suka taka wajen yaɗa Hausa da Hausawa a Afirka ta Yamma.

Abin lura a nan shi ne jinkirin tafiya da kansa ya ciyar da Yawuri. Kogi ba ya ƙetaruwa sai da masu jirgi, kuma jiragen suna hannun Gungawa mazauna tsibirai da Sarkawa masunta. Ayari mai ɗaruruwan dabbobi ba ya gama ƙetarewa a yini ɗaya. Kowane kwana da ya ƙara a bakin ruwa, sai ya sayi hatsi da kifi da harawa, ya biya kuɗin fito, sarki kuma ya sami nasa rabo. Ƙarfin sarautar Yawuri a kan ruwa ya dogara, kuma wasan Rigata da ake yi a Yelwa abin tunawa ne da wancan zamani na jiragen yaƙi da gwanintar tuƙi.

Turawan farko da suka biyo nan sun bar mana abin da za mu gwada lokaci da shi. Mungo Park ya taso daga Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yau, a watan Nuwamba na 1805, ya gangaro da jirginsa har ya wuce Yawuri, inda ɗan jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi, sa'annan ya halaka a duwatsun ruwa na Busa a farkon 1806. A 1830 kuma 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka iso Busa a tsakiyar watan Yuni, suka hau kwalekwale suka yiwo sama, suka shiga Birnin Yawuri a ƙarshen watan, suna neman takardun da Park ya bari. Tafiyar da ke tsakanin Busa da Yawuri ta ɗauke su 'yan kwanaki ne kawai, amma samun izinin fita daga wurin sarki sai da ya ci kusan mako biyar. Ashe ko a wancan zamani, ba tsawon hanya kaɗai ke tsayar da matafiyi ba.

4.0 Jirgin ƙasa da mota

A 1888 Sarkin Yawuri Abdullahi Abarshi ya kafa hedikwatarsa a Yelwa, a bakin kogi. Shekara goma bayan haka, a 1898, sojojin Ingila suka kafa sansani a garin, domin suna tsere da Faransa a kan mallakar Kwara da ƙasar Borgu. A wannan shekara ce wani hafsansu mai suna Keating ya rasa ransa tare da mutanensa a wani gungu kusa da Yelwa, a rigimar da ta tashi a kan neman jiragen ruwa. Wannan ya nuna cewa har zuwa lokacin, wanda ya riƙe kwalekwale shi ya riƙe hanya. Manyan jiragen Turawa masu hayaƙi ba su iya haurowa ta duwatsun da ke tsakanin Jaba da Busa, saboda haka kogin da ke sama da Busa ya ci gaba da zama na masu filafili da gora.

Abin da ya karya wannan tsari shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano daga Baro a 1911, aka haɗa shi da na Legas a 1912, aka gama gadar Jaba a 1916, sa'annan reshen Zariya ya kai Ƙauran Namoda ta Gusau a 1929. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya biyo ta Yawuri. Goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga nan a loda shi a jirgin ƙasa, ya isa Kano cikin 'yan kwanaki. Tafiyar watanni ta zama ta kwanaki, amma ta wata hanya dabam, ayarin Gwanja kuma ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Mota ce ta dawo mana da wani abu daga cikin abin da dogo ya ɗauke. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Ilori da Jaba da Kwantagora, ta ratsa Yelwa, ta wuce Koko da Jega da Tambuwal zuwa Sakkwato, ta mayar da Yelwa zangon direbobi, kasuwar kifi da albasa ta sami masu saye daga nesa. Amma a lura, wannan hanya ma daga kudu zuwa arewa ta miƙe, a gaɓar gabas.

Mu ma'aikatan gwamnati da nisan hedikwata muke auna tafiya. A farkon mulkin Turawa Yawuri tana Lardin Kwantagora, daga baya aka mayar da ita Lardin Sakkwato. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967 muka kasance a Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 kuma a Jihar Sakkwato, duk hedikwata tana Sakkwato, kimanin kilomita 300 daga Yelwa. Na tuna zuwana na farko can ina ɗan makaranta, a bayan lori, a kan buhunan albasa. Mun tashi da hantsi, muka yi faci sau biyu, ba mu shiga gari ba sai da aka yi kiran assalatu. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, hedikwata ta matso Birnin Kebbi, kimanin kilomita 200, tafiyar awa uku ko fiye gwargwadon lafiyar hanya. Wannan ragi da alƙalami aka yi shi, ba a ƙara ko taku ɗaya na kwalta ba, amma duk wanda ya taɓa bin takardar fansho ko ta ƙarin girma ya san amfaninsa.

5.0 Shigowar jirgin sama Arewa

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano guda uku ne na sojan Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, 1925, suka yi ta yada zango a hanya, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Kwana shida ke nan a kan tafiyar da mahajjatan ƙafa kan shafe shekaru suna yi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, daga baya ya miƙa zuwa Legas. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1940, an riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Sudan da Masar. Kamfanin jirgin sama na Nijeriya ya kafu a 1958, ya durƙushe a 2003. Babban filin jirgin Sakkwato, mai sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, an buɗe shi a 1982, kuma shekaru da dama ta can alhazanmu ke tashi kafin a sami na Ambursa.

A wajen aikin Hajji ne talakan ƙasar nan ya fi sanin jirgin sama, kuma a nan ne bambancin da nake magana a kai ya fi fitowa fili. Daga Birnin Kebbi zuwa Madina kusan kilomita 4,000 ne, jirgi yana yin su cikin awa biyar zuwa shida. Na san wani dattijo daga wani ƙauye na bakin tafki a ƙasar Ngaski wanda ya ba ni labarin tafiyarsa. Ya fito gida da jirgin ruwa, ya hau babur zuwa bakin hanya, ya jira mota ta cika, ya sauya wata a Yelwa, bai isa sansanin alhazai ba sai dare. Ya ce mini, "Alhaji, wallahi daga gidana zuwa Birnin Kebbi ya fi mini nisa a kan daga Birnin Kebbi zuwa Madina." In da agogo za a auna, gaskiya ya faɗa.

6.0 Madatsar ruwa ta Kainji da tsawaitar ƙetare

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969. A lokacin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur ne, wanda ya yi sarauta daga 1955 zuwa 1981. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 130, daga bakin madatsar har zuwa wajen Yelwa, faɗinsa a inda ya fi buɗewa ya haura kilomita 20, girmansa kuma ya wuce murabba'in kilomita 1,200. Tsohuwar Busa ta nutse, babban tsibirin Foge ya nutse, haka ma gungu da yawa na Gungawa. An tayar da mutane fiye da 40,000, aka gina musu sababbin garuruwa a kan tudu.

Ina yaro ƙarami a lokacin, amma ban manta da yadda manya ke zuwa bakin ruwa da safe su kafa kara, su dawo da yamma su tarar ruwa ya shanye shi ba. Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, takan ce dā in tana son gaida 'yar'uwarta da ke aure a ƙetare, sai ta ɗora tukunya, ta je ta dawo kafin wake ya nuna. Bayan ruwa ya cika, ziyarar nan ta zama ta kwana.

Dalilin wannan sauyi a bayyane yake. Kafin madatsa, kogi ne mai rassa da tsibirai a tsakani, mai kwalekwale yakan tsallaka daga gaɓa zuwa gungu, daga gungu zuwa gaɓa, kullum yana ganin tudu kusa da shi. Bayan madatsa sai ya zama fili ne na ruwa wanda iska ke kaɗawa ta tayar da igiya, musamman a farkon damina da hadari ke tasowa ba shiri. Itatuwan da ruwa ya rufe sun bar kututture a ƙarƙashi, in ruwa ya ja baya sai su zama tarko ga jirgi. Ƙaramin kwalekwale ya kasa, aka koma manyan jiragen katako masu inji, waɗanda ba sa tashi sai sun cika, kuma cikar takan wuce kima a ranar kasuwa. An yi wa madatsar mashigar jirage da fatan manyan jiragen kaya za su riƙa haurowa daga kudu har Yelwa, amma wannan fata bai zama abin dogaro ba. Tsakanin gadar Tuga a ƙasar Bagudo da kan madatsar Kainji babu wata gada a kan Kwara, sai mashigai irin na Zamare zuwa Rofiya.

Na taɓa gwada wannan hanya da kaina a shekarun 1990, aiki ya kai ni Sabuwar Busa. Na bar Birnin Kebbi bayan sallar asuba, na iso Yelwa da hantsi, na gangara mashigi. Muka tarar injin jirgin fito ya lalace, muka zauna a gindin bishiya har la'asar. Da muka ƙetare kuma sai hanyar ƙasa mai ramuka. Ban shiga Sabuwar Busa ba sai bayan isha'i, taron da aka aike ni kuwa an riga an tashi. Na kashe kusan awa 15 a kan nisan da ƙaramin jirgin sama ke yi cikin awa ɗaya, kuma fiye da rabin lokacin a bakin ruwa da ƙetarensa ya tafi.

7.0 Darasin shekarar 2021

Abubuwa uku sun faru a wata uku a jere cikin 2021 waɗanda suka tattara duk bayanin da ya gabata. Ranar 26 ga Mayu, wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a tafki tsakanin Wara, hedikwatar Ngaski, da gaɓar Borgu. Waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, akasarin waɗanda suka rasu kuwa talakawa ne masu neman abinci, har da mata da yara. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. A watan Yuli kuma rukunin farko na jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 da Nijeriya ta saya daga Amurka ya iso, aka kuma yi musu mazauni a filin Kainji.

Ba ina ƙorafi a kan sayen jiragen ba ne, domin halin tsaron da ake ciki ya wajabta su, kuma abin da ya faru a Birnin Yawuri shaida ne. Abin da nake so mai karatu ya gani shi ne, a bakin tafki ɗaya, a shekara ɗaya, akwai mai iya isa Birnin Kebbi kafin a gama shan shayi, akwai kuma mai sayar da ransa don ya ƙetare kilomita 20 zuwa kasuwa. Ga mai naƙuda da ke bayan ruwa, ko wanda maciji ya sara, ko garin da aka kawo wa hari, nisan da ke da amfani shi ne awa nawa taimako zai yi kafin ya iso.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa tsakanin filin Ambursa da na Kainji kimanin kilomita 290 ne, tafiyar awa ɗaya ko ƙasa da haka a sama, ta yini guda a ƙasa, ta mako biyu a zamanin ayari. Ta kuma nuna cewa dogo ya kauce mana, mota ta bi ta gefe ɗaya na kogi, jirgin sama yana wucewa ta kanmu, ƙetaren da dā shi ne arzikin Yawuri kuma ya zama babbar matsalarta tun daga 1968.

Ina da roƙo ga malamai. A koya wa yara wannan lissafi na digiri da minti, domin yaron da ya iya fitar da nisan garinsu da kansa ba zai ɗauki taswira abin tsoro ba. Bayan haka a sa kowane yaro ya je ya tambayi kakansa ko kakarsa kwana nawa ake yi dā zuwa gari kaza, ta wane mashigi ake bi, wane gungu ne ya nutse, a rubuta a ajiye a makaranta. Waɗanda suka san kogin kafin madatsa da idon basira yanzu sun haura shekara saba'in, kuma kullum raguwa suke yi.

Ga dattawa da masu riƙe da sarautun ruwa kuma, a ci gaba da yi wa masu jirage nasiha a kan lodin da ya wuce kima da tafiyar dare, a kuma ƙarfafa sanya rigar kariya daga nutsewa ko da tafiyar gajera ce. Ga hukuma, buƙatar gada a tsakanin gaɓar Yawuri da ta Borgu tsohuwar buƙata ce, haka ma jiragen fito masu lafiya da gyaran hanyar Ngaski zuwa Wara.

Na mayar wa malamin nan amsarsa a rubuce, ya karanta wa 'yan ajinsa. Ya ce da ya gama, sai yaron ya sake ɗaga hannu ya ce, "To Malam, daga nan zuwa garin kakata a ƙetare fa, minti nawa ne?" Malamin ya ce masa wannan sai an tambayi mai jirgi, shi ma sai ya dubi sama tukuna.

Allah Ya kiyaye matafiyanmu na tudu da na ruwa da na sama, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.